Aikin Lambu da Ƙawata Harabar Gidaje a Makarantun Koyon Sana'a

Duk shekara idan damina ta kankama akan yi bikin dashen itatuwa a jihohin Arewa, manyan ma'aikata su dasa nasu a gaban masu ɗaukar hoto, a raba wa jama'a sauran. Amma wanda ya koma wuraren a cikin watan Afrilu yakan tarar da ramuka da busassun tsinke, domin abin da akuya ta bari gara ta cinye, abin da gara ta bari ƙishirwa ta kashe. Ba iri ne muka rasa ba. Hannun da ya san renon shuka shi ne ya yi ƙaranci, kuma makarantun koyon sana'a su ne ya kamata su samar da shi.

Ba shakka akwai manyan wuraren da aka kafa domin wannan fanni. Tun 1975 aka buɗe Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa a Ibadan, wadda take da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, sa'an nan a 2002 Gwamnatin Tarayya ta kafa Kwalejin Koyon Aikin Lambu a Dadin Kowa ta Jihar Gombe. Sai dai waɗannan masana da manyan jami'ai suke fitarwa. Yaron da zai tsaya a kan fangali da safe da yamma, daga ƙananan makarantu zai fito, inda har yanzu kafinta da makaniki da mai gyaran lantarki suka fi mai lambu daraja a idon ɗalibai. Laifin ma ba nasu ba ne kaɗai: yaron da aka saba ba shi lauje ya yanke ciyawa duk ranar da ya yi latti, da wuya ya ɗauki aikin a matsayin sana'a.

Alhali kuwa ilmi ne mai zurfi. Ɗauki auren itace kawai. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara 6 ko fiye kafin ya yi 'ya'ya, kuma ba lalle ba ne ya gado zaƙin uwarsa. Idan kuwa aka yanko reshen mai kyau aka haɗa da ƙaramar shukar da ta yi saiwa, aka ɗaure sosai yadda iska da ruwa ba za su shiga ba, cikin shekara 3 ko 4 sai a fara tsinka. Wannan ba a koyonsa a kan allo. Sai ɗalibi ya riƙe wuƙa ya ɓata goma ko ashirin kafin hannunsa ya faɗa. Haka kuma haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki a cikin leda, da sanin cewa ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi, da gane ƙwari tun kafin su yi ɓarna. Manoman Kadawa ba su manta da tsutsar da ta cinye tumatir a 2016 ba, har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta.

Ƙawata haraba kuwa ya fi jera furanni. Dole ɗalibi ya iya awo da zana taswirar fili, ya san inda ruwan sama zai bi, ya san cewa darbejiyar da aka dasa a jikin gini wata rana saiwarta za ta tsaga katanga. A ganina malamai sun cika kwaikwayon shimfiɗar ciyawa irin ta Ingila, wadda ba ta rayuwa a Kano ko Sakkwato sai da ban-ruwa kullum, a garuruwan da mutane ke sayen ruwan sha a jarka. Gara a koya wa yaro shingen lalle, da inuwar tsamiya, da zogale a bayan ɗakin girki.

Babban cikas, wanda jami'an Ma'aikatar Ilmi ya kamata su duba, shi ne tsarin hutu. Lokacin da ya fi dacewa da dashe, wato ƙarshen Yuli zuwa Agusta, ɗalibai suna gida dogon hutu. Hutun Afrilu kuma yakan faɗo a tsakiyar bazara, sa'ad da kwana uku ba ruwa ya isa ya kashe aikin zango biyu. Makarantar da ba ta da rijiya ko fanfon burtsatse a gefen lambunta, ba ta kuma tsara yadda ɗalibai za su riƙa karɓa-karɓar ban-ruwa a lokacin hutu ba, sunan darasin kaɗai take da shi a takarda.

Kasuwa kam tana nan. Masu sayar da furanni da dashe sun cika bakin titunan Abuja da Kaduna, yawancinsu a hannun iyayen gida suka koya, kuma shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda ya ratsa jihohi 11 na Arewa, yana bukatar masu reno. Idan aka bar ɗalibai su sayar da abin da suka rena, a shigar da kuɗin a littafi su gani da idonsu, kuɗin leda da iri na zango mai zuwa daga nan zai fito.