Alaimen (daidaita ƙafafun mota)

Alaimen aiki ne na gyara kusurwar da ƙafafun mota suke tsayawa a kai, domin su fuskanci inda ya dace kuma tayoyi su taka ƙasa daidai. Ba tayar kanta ake gyarawa ba, ana daidaita ƙarafunan sitiyari ne da waɗanda suke riƙe da ƙafa. Idan alaimen ya lalace, tayoyin gaba ne suka fi saurin nunawa, domin su ne suke juya mota. Cinyewar taya ta gefe ɗaya tana rage riƙon hanya, tana ƙara shan mai, kuma tana iya kaiwa ga fashewar taya ana cikin gudu.

Tarihi

Tsarin sitiyarin da yake sa ƙafar ciki ta fi ta waje lanƙwasa a kwana ya girmi mota. Georg Lankensperger, wani maƙerin keken doki a birnin Munich na Jamus, shi ne ya ƙirƙiro shi, sannan Rudolph Ackermann ya yi masa rajista a Ingila a shekarar 1818. Har yau da sunan Ackermann ake kiran tsarin.

Kusurwoyi uku

Kusurwa ta farko ita ce inda ƙafafu suke kallo idan aka dube su daga sama. Idan gabansu ya matso kusa da juna ana cewa to-in, idan ya buɗe ana cewa to-awut. Wannan ce ta fi cin taya. Ƙafar da ta kauce da digiri 1 kacal tana jan tayarta ta gefe kimanin mita 17 a kowace kilomita. A tafiyar kilomita 60, gogar ta wuce kilomita ɗaya.

Ta biyu ita ce kamba, wato karkatar ƙafa idan aka tsaya a gaban mota. Saman ƙafa yana iya karkata ciki ko waje, sai nauyi ya taru a gefe ɗaya na taya.

Ta uku ita ce kasta, wato jinginar sandar da ƙafa take juyawa a kanta idan aka duba daga gefe. Ita ce take mayar da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. Ba ta cika cin taya ba, amma idan ta bambanta tsakanin dama da hagu mota takan ja gefe.

Yadda ake karanta cinyewar taya

Ba kowace cinyewa ce take nufin alaimen ya lalace ba. Yanayin cinyewar shi ne yake nuna musabbabinta:

Idan gefuna biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan ko kaya sun yi yawa.

Idan tsakiya ce ta suɗe, iska ta yi yawa.

Idan gefe ɗaya ne ya cinye sumul, galibi kamba ce. Saman ƙafar da ya karkata ciki yana cin gefen ciki.

Idan aka shafa hannu a kan zanen taya aka ji santsi ta wannan ɓangare da kaifi ta wancan, kamar haƙoran zarto, matsalar to-in ce ko to-awut. To-in mai yawa yana cin gefen waje, to-awut kuma gefen ciki.

Idan cinyewar ta yi kwari-kwari a zagayen taya, ana zargin shokozoba da ya mutu ko rashin balansin.

Cinyewar gefen ciki ta fi haɗari saboda ba a ganinta daga waje. Taya tana iya zama kamar sabuwa alhali waya ta fito ta ciki. Shi ya sa ake juya sitiyari har ƙarshe kafin a duba.

Matakan bincike

Ana farawa da auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. Adadin da kamfani ya ƙayyade yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba a yawancin motoci.

Daga nan sai a ɗaga mota da jak. Idan aka riƙe taya ta dama da hagu aka girgiza aka ji wasa, ana duba tayarod. Idan wasan ta sama da ƙasa ne, ana duba boljoyin ko barin ɗin ƙafa. Dole ne a canza abin da ya lalace kafin a yi alaimen, in ba haka ba kusurwar za ta sake gocewa da zarar mota ta hau hanya, kuɗin aikin ya tafi a banza.

Idan mota tana jan gefe, ana musanya tayoyin gaba biyu. Idan jan ya koma ɗaya gefen, laifin taya ne. Ɗan ja zuwa dama kuma yana iya zama daga hanya, domin tun 1972 ake tuƙi ta hannun dama a Najeriya, kuma ana gina kwalta da ɗan gangare zuwa gefe saboda ruwa.

Alaimen daban yake da balansin. Karkarwar sitiyari idan an yi gudu yawanci alamar rashin balansin ce, ana maganinta da liƙa ƙananan dalma a jikin wili.

Ana yin alaimen ta hanya biyu. Wasu makanikai suna amfani da zare da tef, kuma hakan yana iya daidaita to-in idan mai aikin ya ƙware. Injin kwamfuta kuwa yana auna kusurwoyin uku a ƙafafu huɗu, ya kwatanta su da ma'aunin kamfani.

A yankin Dutsin-Ma da Kurfi

Hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Kurfi zuwa Dutsin-Ma tana ɗaukar motocin haya, da na 'yan kasuwa, da na ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011. Motocin da suke sauka daga kwalta zuwa ƙauyuka suna haɗuwa da ramuka da zaizayar damina, kuma faɗawa rami ɗaya da ƙarfi ya isa ya lanƙwasa tayarod. Lodin fasinja da buhuna fiye da ƙima yana danne mota, ya sauya kamba.

Tayoyin hannu, waɗanda ake kira 'yan Kwatano, suna rikita bincike, domin sukan zo da cinyewar da suka samo daga wata motar. Lambobi huɗu na ƙarshe a lambar DOT da ke gefen taya suna nuna lokacin ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi kan tayoyin da suka tsufa ko suka suɗe.

Kulawa

Ana son a duba alaimen bayan canza tayarod, boljoyin ko shokozoba, bayan mummunan faɗawa rami, da kuma lokacin sa sababbin tayoyi. Idan zurfin zanen taya ya sauka zuwa milimita 1.6, inda 'yan tudun da ke cikin zanen suke daidai da samanta, lokacin canza ta ya yi. Alaimen yana tsayar da cinyewa, amma ba ya dawo da robar da ta riga ta tafi.