Bashin Da Ke Kan Gwamnati Ga Tsohon Soja Da Naƙasasshe

Wannan bayani ne a kan wata al'ada ta gwamnatoci, watau fifita tsofaffin soja da naƙasassu wajen ɗaukar ma'aikata. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan fifiko sadaka, alhali kuwa bashi ne. Kowane falke ya sani bashin da a ke biya shi ne wanda aka rubuta, aka faɗi adadinsa, aka sa masa shaidu. Ƙasar Amurka ta daɗe da rubuta nata, saboda haka da ita za a fara buga misali.

Asalin abin yaƙin basasa ne da aka yi tsakanin Arewa da Kudun Amurka daga 1861 zuwa 1865. Mutane suka komo gida, wani ba hannu, wani ba ƙafa, ba su iya riƙon garma. A watan Maris na 1865, zamanin Shugaba Lincoln, Majalisa ta zartar cewa sojan da aka sallama saboda rauni ko ciwon da ya samu a bakin aiki, a gabatar da shi wajen ba da aikin gwamnati. Amma ta gindaya sharaɗi guda: lalle ya kasance zai iya aikin. Wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin al'amarin duka.

Da Yaƙin Hitila ya zo, Amurkawa wajen miliyan 16 suka sa kayan soja. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yaƙi bai ƙare ba, a 1944, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar fifita tsofaffin soja. Ga yadda tsarinta ya ke. Inda a ke auna masu neman aiki da jarrabawa, wanda ya ci, idan ya yi soja lokacin yaƙi ko ya halarci wani fagen fama aka kuwa sallame shi da mutunci, a ƙara masa maki 5. Idan ya naƙasa ta dalilin aikin soja, ko yana da lambar da a ke ba wanda aka raunata, a ƙara masa maki 10. Wanda ya faɗi jarrabawa ba shi da ƙari, domin ba a yin gyara sai an auna mudu ya cika.

Bashin ba ya faɗuwa da mutuwar mai shi. Matar sojan da ya rasu, muddin ba ta sake aure ba, da matar wanda rauni ya hana shi aiki, da iyayen wanda ya faɗi a fagen fama, suna iya samun maki 10 ɗin bisa sharuɗɗan da aka shimfiɗa. Har wa yau aka keɓe ayyuka huɗu: gadi, da masinja, da kula da gini, da sarrafa akwatin da ke hawa bene da mutane. Waɗannan ba a ba kowa su matuƙar akwai tsohon soja mai nema. Idan an zo rage ma'aikata, tsohon soja yana da kariyar da wani ba shi da ita. Amma fa fifikon na bakin ƙofa ne, ba ya bin mutum zuwa ƙarin girma. Albarkacin wannan tsari, a 2021 wajen kashi 30 cikin 100 na ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka tsofaffin soja ne.

Naƙasassun da ba su yi soja ba, nasu ya zo daga baya. A 1973 aka yi dokar da ta wajabta wa ma'aikatun tarayya su tsara yadda za su ɗauki naƙasassu, su kuma ciyar da su gaba. Akwai wata ƙofa da aka buɗe musu: mai naƙasa mai tsanani ya kawo takardar likita, a duba ko ya cancanci aikin, a ɗauke shi ba tare da gasa ba. Idan ya yi shekara biyu aikinsa ya gamsar, ana iya tabbatar da shi. A 2017 aka sa wa ma'aikatu adadin da za su nufa, watau kashi 12 cikin 100 naƙasassu, kashi 2 kuma masu naƙasa mai tsanani, irin su makafi da kurame.

To, ba a fifita wani sai an jinkirta wani, kuma wanda aka jinkirta shi ma yana da baki. A jihar Massachusetts doka ta sa tsohon sojan da ya ci jarrabawa gaba da duk wanda bai yi soja ba, kome yawan makinsa. Wata ma'aikaciya, Helen Feeney, ta zo ta biyu a jarrabawar 1971, aka mai da ita ta shida, bayan tsofaffin soja biyar. Ta kai ƙara cewa dokar ta danne mata, tun da fiye da kashi 98 cikin 100 na tsofaffin sojan jihar maza ne. A 1979 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai bakwai suka rinjayi biyu, cewa an yi dokar domin soja, mace ko namiji, ba domin hana mata ba. Dokar ta tsaya. Duk da haka shari'ar ta nuna bambancin ƙarin maki 5 da rufe ƙofa ruf: na farko gyara ne, na biyu kuwa ɗauke kasuwa ne baki ɗaya.

Nijeriya ma ta san wannan bashi. Dubban 'ya'yanta, Hausawa da yawa a cikinsu, sun yi Yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. A 1945 Gwamnatin Turawa ta yi dokar ɗaukar tsofaffin soja aiki. Waɗansu suka zama masinjoji da masu gadi, waɗansu 'yan doka na En'e, amma masu nema sun fi gurabe yawa, da yawa suka koma gona da ɓacin rai.

Game da naƙasassu, ran 23 ga Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci. Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su sa aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama naƙasassu. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine yadda mai keke da mai sanda za su shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. Sai dai a jikin kashi 5 ɗin an rataya wata kalma, watau gwargwadon iko. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da a ke nufi idan mai cin bashi ya ce zai biya gwargwadon iko. Ƙungiyoyin naƙasassu kuwa sun sha kukan ba a cika musu adadin ba.

Malamai sun fi kowa sanin cewa rashin ido ba ya hana hadda, fatake kuma sun ga gurgu mai riƙe da lissafin rumfa ba kuskuren ko kwabo. Abin da ya rage shi ne kowace ma'aikata ta ƙirga mutanenta, ta bayyana adadin kowace shekara, a san wadda ta biya da wadda a ke bi. Wanda ke da ɗa ko almajiri naƙasasshe mai takardar makaranta, ya sanar da shi cewa hakkinsa a rubuce ya ke, ya je ya nema da kansa a ɗage. Alkawari kaya ne.