Abin da ke kayar da fasinja a cikin jirgin sama

Jirgin fasinja yakan lula sama har mita 10,000 ko fiye, inda iska ba ta isa ta riƙe ran ɗan Adam ba. Saboda haka ake matsa iska a cikinsa. Sai dai matsin ba ya kai na doron ƙasa. Daidai yake da na kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. A irin wannan hali jini ba ya ɗaukar iskar oksijin kamar yadda ya saba. Mai ƙoshin lafiya ko lura ba ya yi. Amma mai ciwon zuciya, ko asma, ko sikila, wannan ɗan giɓi yana iya kayar da shi.

A shekarar 2013 wasu likitoci a Amurka suka wallafa bincike a kan larurori 11,920 da suka auku a cikin jirage, wato larura ɗaya a kowace tafiya 604. Suma da jiri su ne kan gaba, da kashi 37 cikin 100, sai sarƙewar numfashi, sannan tashin zuciya da amai. Mutum 36 suka rasu, akasarinsu saboda tsayawar zuciya. Don irin wannan haɗari ne Amurka ta wajabta wa jiragenta ajiye na'urar farfaɗo da zuciya tun 2004.

Akwai kuma haɗarin da sau da yawa ba ya bayyana sai an sauka. Dogon zama yana sa jini ya taru a jijiyoyin ƙafa har ya yi guda. In gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, rai yana iya salwanta. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tafiyar da ta wuce awa huɗu tana ninka wannan haɗari sau biyu.

Wannan ya shafi maniyyata ƙwarai, domin daga Kano zuwa Jidda ya ɗara awa huɗu, kuma da yawansu dattawa ne. Mai wata larura ya ga likita kafin ranar tafiya. Maganinsa ya kasance a jakar hannu, ba cikin kaya ba. Ya riƙa shan ruwa, yana motsa ƙafa, yana tashi ya ɗan taka. Da zarar ya ji ƙirjinsa ya riƙe, ya gaya wa ma'aikatan jirgi nan take, kada kunya ta sa ya daure.