Jingar karanta talla: wa ke ha'intar wa?

Duk wanda ya taɓa ba da noman jinga ya san inda rigima ke tashi. Mai gona yana birni, ba shi da halin tsayawa a kan aikin. Sai ya yi jinga da wani a kan maimai, shi kuma ya tara 'yan ƙwadago ya raba musu kunyoyi, kowace kunya da kuɗinta. A cikin ma'aikatan akwai mai tsoron Allah da zai sunkuya ya tuge ciyawa daga saiwa. Akwai kuma wanda zai ja ƙasa da fartanya ya binne ta. Daga nesa gona ta yi fes, amma ruwa biyu kawai za a yi ciyawar ta ɗago kai. Mai gona ya zo ya gani, ya rantse baɗi ba zai sake ba da aikin ba. Daga ranar ɗan jinga ya shiga tunanin yadda zai gane mai rufa-rufa tun kafin kuɗi ya shiga aljihunsa.

Haka zancen yake a shafukan intanet da ke biyan mutum don ya karanta talla a imel. Mai kaya yana son a ga hajarsa, sai ya biya mai shafi. Mai shafi ya aika wa mambobinsa saƙo, a ciki akwai wurin dannawa. In ka danna, shafin tallar ya buɗe, wani ɗan agogo ya fara ƙirga daƙiƙa 20 ko 30 ko minti guda. In ya cika, a zuba maka ladarka a asusu. Ladar sau da yawa ba ta kai senti ɗaya ba, dala guda kuwa senti 100 ce. Kuma ba ka isa ka cire ba sai ta taru ta kai adadin da mai shafi ya yanka. InboxDollars, wanda aka kafa a jihar Minnesota ta Amurka a shekarar 2000, ya daɗe yana cewa sai kuɗin mamba ya kai dala 30. Shi babba ne mai ofis da ma'aikata. Amma a tsakiyar shekarun 2000 ƙananan shafuka sun yi ta tsirowa ba adadi, mutum ɗaya ne a ɗakinsa zai sayi manhajar da aka riga aka haɗa, irin su CashCrusader, ya buɗe shafi ya fara tara jama'a. Ga kuma la'ada: duk wanda ka kawo ya yi rajista, kana da ɗan kaso a kan abin da ya danna.

Maguɗin bai jira sana'ar ta girma ba, tare aka haife su. A 1999 wani kamfani mai suna AllAdvantage ya fito a Amurka yana biyan senti 50 a kowace awa ga wanda ya bar ɗan allon talla a fuskar kwamfutarsa yayin da yake yawo a intanet. Miliyoyin mutane suka shiga. Ba a jima ba aka ƙirƙiro ƙananan manhajoji masu motsa linzamin kwamfuta da kansu, mutum yana barci ko yana makaranta ana ƙirga masa awa. Kamfanin ya rufe a Fabrairun 2001 bayan kasuwar tallan intanet ta karye, amma dabarar ba ta mutu da shi ba. Ta koma kan shafukan imel: manhaja ta buɗe saƙo, ta danna, ta jira agogo, ta wuce na gaba, ba tare da idon ɗan Adam ya sauka a kan tallar ba. Wani kuma ya buɗe asusu hamsin da sunaye hamsin, ya jera su a ƙarƙashin kansa yana cin la'adar kansa da kansa.

A nan ina tare da mai shafi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Wanda ya sa na'ura ta danna masa talla ya karɓi kuɗi, ya ci haƙƙin mai kaya, ƙanƙantar kuɗin ba ta halatta shi. Kuma ba mai kaya kaɗai ya cuta ba. In mai talla ya biya dannawa dubu bai sayar da ko tsinke ba, ba zai dawo ba, ko ya dawo da rabin farashi, ladar mamba mai gaskiya ta ƙara raguwa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Don haka babu mai hankalin da zai ce kada a bincika aiki.

Wahalar ita ce abin da mai talla ya saya ba ya aunuwa. Hankalin mutum yake so, mai shafi kuwa dannawa da daƙiƙoƙi kawai yake iya ƙirgawa. Sai aka koma ɗana tarko. Mafi shahara shi ne saƙon gwaji: a aiko imel mai kama da sauran, amma a cikin rubutun an ce kada a danna wannan wurin, duk wanda ya danna za a yanke masa kuɗi ko a rufe asusunsa. Wani tarkon kuma ɓoye shi ake yi yadda ido ba ya gani, manhaja ce kaɗai za ta taka. Akwai gwajin lamba, a nuna maka wata lamba ko hoto a ce ka zaɓi irinsa kafin agogo ya fara, ƙanen gwajin nan na CAPTCHA da masanan Jami'ar Carnegie Mellon suka fitar da sunansa a 2003. Wasu shafukan agogonsu na tsayawa da zarar ka kau da tallar daga gabanka. Kamar dai ɗan jinga ne ya bi kunyoyi da asuba ya kafa kara da jan ƙyalle nan da can, ya ce duk wanda fartanyarsa ta sare ɗaya, ba ya duba ƙasa.

Dabara ce mai kyau, sai dai a tuna wanda ke riƙe da fartanyar. A ɗauka saƙo ɗaya rabin senti ne, kuma ana aiko goma a rana. Senti biyar ke nan a wuni. In sai dala 10 ake cirewa, mutum zai yi kwana 200 yana buɗe saƙo, saƙo 2,000 cif, kafin ya ga ko sisi a hannunsa. Saƙonnin nan kusan duk iri ɗaya ne, talla ɗaya kan dawo sau ashirin. Wane ido ne zai karanta na 1,900 kamar yadda ya karanta na farko? Mai shafi da kansa ya horar da hannun mamba ya riga idonsa, sannan ya dawo ya hukunta shi a kan haka. Ga kuma matsalar harshe. Gargaɗin da Turanci ake rubuta shi, wani lokaci a murɗe da gangan, alhali mambobi da yawa daga Indiya, Indonesiya, Filifin, Sin da ƙasashen Afirka suke. Wasu masu shafin ma ba sa ɓoyewa, suna cewa tarkon na tace waɗanda ba sa jin Turanci ne, tunda ba su da amfani ga mai talla. To in haka ne, me ya sa aka karɓi rajistarsu tun farko, aka ƙirga su cikin yawan mambobin da ake tallata wa masu kaya?

Dokar da ta fi cizon mutanenmu ita ce ta gida ɗaya asusu ɗaya. Mai shafi ba ya ganin gida, lambar IP yake gani, wato adireshin da na'ura ke fita intanet da shi. In ya ga asusu biyu daga lamba ɗaya sai ya ce mutum ɗaya ne, ya rufe duka. An rubuta dokar da tunanin gidan miji da mata da layin intanet ɗinsu. Ba a yi tunanin gidan gandu mai magidanta shida da samari goma ba, ba a yi tunanin shagon intanet da mutum talatin kan zauna a kujera ɗaya cikin wuni ba, ko ɗakin kwanan ɗalibai. Yanzu ma da kowa ke da wayarsa, kamfanonin sadarwa kan haɗa dubban masu layi a bayan lamba ɗaya, sai a kama ka da laifin wanda ba ka taɓa gani ba, yana wani gari. Ɗan jinga ne ya ga wa da ƙane sun fito daga zaure ɗaya, ya ce mutum ɗaya ne ke son karɓar lada sau biyu, ya kore su ba tare da ya duba kunyoyinsu ba.

Duk wannan da sauƙi da a ce ana faɗa wa mutum a kan lokaci. Kukan da mambobi suka fi yi, shekara da shekaru, a kan lokacin hukuncin ne. Wata bakwai kana dannawa, ba wanda ya ce maka uffan. Ranar da kuɗinka ya kai ka nemi a biya ka, ranar ce ake tuna a binciki asusunka, ranar ce ake gano cewa wata huɗu da suka wuce ka taka tarko, ko lambarka ta yi karo da ta wani. Ka zo shiga ka tarar an rufe, da ɗan layi ɗaya cewa ka karya sharuɗɗa. Ka rubuta neman bayani, shiru. In an amsa, a ce ba a bayyana hanyoyin bincike don kada 'yan maguɗi su gane su. A gona, in ɗan jinga ya ga ka sare kara da hantsi, da hantsin zai yi magana, ya rage maka kuɗin kunyar ko ya sallame ka da abin da ka yi. Wanda zai yi shiru ya bar ka cikin rana har la'asar sakaliya, ka gama kunya arba'in, sannan ya fito da kara ɗaya ya ce yau ba ka da ko kwabo, kowa a garin ya san sunansa, kuma ba mai sake bin sa gona.

Tambayar da ya kamata a yi ita ce ina kuɗin ke tafiya. Mai talla ya riga ya biya tun farko. In dannawar mamba ta ƙarya ce, kuɗin na mai talla ne, a mayar masa ko a sake nuna tallarsa kyauta. In ta gaskiya ce, na mamba ne. Babu fuskar da kuɗin zai zama na mai shafi. Amma a tsarin da ake bi, mai ɗana tarkon shi ne alƙali, shi ne ma'aji, shi ne kuma ke cin abin da aka ƙwace. Kowane asusu da ya rufe a bakin biya, bashi ne ya sauke daga wuyansa. Ba na cewa duk masu shafi suna yi da gangan. Akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna biya. Amma tsarin da ke sa mutum ya ƙaru duk lokacin da ya sami wani da laifi zai ja shi ya riƙa samun masu laifi, ko da zuciyarsa fara ce.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shafuka da dama masu tsananin farautar 'yan maguɗi, a shekarun 2000, su ne kuma ke tura mambobi zuwa ƙananan injinan bincike, suna nuna musu a fakaice cewa su danna sakamakon, domin kowace dannawa akwai wani mai talla can nesa da ake cirar kuɗinsa bai san an biya mai dannawar ba. Matsalar dannawar bogi ta yi girman da a 2006 Google ya amince da sulhun da ya kai dala miliyan 90 da masu talla da suka kai shi kotu a jihar Arkansas. A shekarar ce kuma hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta rufe 12DailyPro, shafin da ya ce ka zuba kuɗi, ka kalli talla 12 a rana, a ba ka kashi 12 cikin ɗari kullum har kwana 12. Ya tara sama da dala miliyan 50, ashe kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi. Har yau ana ganin masu alƙawarin dala 50 ko 100 a kan saƙo ɗaya. Babu mai kayan da zai biya haka don a kalli tallarsa daƙiƙa 30, ƙarshenta za a ce sai ka sayi babban matsayi kafin a biya ka.

Ko an yarda a biya, hanyar kuɗin ma wani dutse ne. E-gold, kamfanin tura kuɗi ta intanet da ƙananan shafuka suka dogara da shi, gwamnatin Amurka ta gurfanar da shi a 2007. Liberty Reserve an rufe shi a Mayun 2013. AlertPay ya koma Payza a 2012, a 2018 shi ma ya faɗa hannun masu gabatar da ƙara. PayPal kuwa da ya shigo Najeriya a 2014, da damar aikawa ya zo, ban da karɓa. Mutane nawa ne suka tara ladar da ba ta da ƙofar shigowa gida?

Gyaran ba mai tsada ba ne ga mai shafin da ke da niyya. Ya faɗa wa mamba a ranar da ya taka tarko, ya nuna masa saƙon. Kuskuren farko gargaɗi ya isa, wanda ya maimaita a jere shi ne abin zargi, domin na'ura ba ta kuskure sau ɗaya ta daina. Ya bambanta mai asusu hamsin da 'yan gida ɗaya ta hanyar tambayar su shaida kafin ya rufe. In ƙasa ba ta cikin waɗanda yake so, ya tare ta a ƙofar rajista. Abin da ya ƙwace kuma ya nuna ya koma ga masu talla.

Kai kuma ɗan'uwa da ke shirin shiga don ka sami na kati, kafin ka danna saƙon farko ka duba adadin da ake cirewa, ka raba shi da ladar saƙo ɗaya, ka ga kwana nawa zai ci maka, ka haɗa da kuɗin data da cajin waya. Ka tabbatar hanyar biyansu tana aiki a ƙasarka. Ka karanta sharuɗɗan rufe asusu, ka tambaya ko wani a gidanku ya riga ka shiga. Kuɗinka na kaiwa ka cire, kada ka bari ya kwana. Duk shafin da ya ce ka fara biya kafin ya biya ka, ka bar masa shafinsa.