Wane man giya ne ya dace da tsohuwar mota?

Masu riƙe da tsofaffin motoci na fuskantar wata matsala da ba a cika yin maganarta ba, wato irin man da ya kamata su zuba wa akwatin giya.

Yawancin man da kamfanoni suka rubuta a littattafan motocin shekarun 1960 da 1970 babu shi a kasuwa yanzu da sunan da aka san shi. Wanda ya maye gurbinsa kuwa, an haɗa shi ne domin bukatun motocin zamani.

Mai mota yakan tarar da galan biyu a shago, ɗaya an rubuta masa GL-4, ɗayan kuma GL-5, sai ya ɗauka cewa mai lamba 5 ya fi inganci. Wannan zato ya sha cinye giyar da ta yi shekaru talatin tana aiki lafiya lau.

Ma'anar lambobin

Cibiyar man fetur ta Amurka, wadda ake kira API, ita ce ta tsara wannan rabe-rabe. Lambar na nuni ne da irin aikin da aka yi man dominsa, da kuma yawan sinadaran da aka zuba masa don ya jure matsin lamba mai tsanani.

GL-1 mai ne wanda babu irin waɗannan sinadarai a cikinsa. GL-4 na da su daidai gwargwado. Shi kuwa GL-5, abin da ke cikinsa ya kai kusan ninki biyu na GL-4.

Akasarin sinadaran daga farar wuta da fosfaras ake haɗa su. Farar wutar ce ke sa man giya yin warin nan da duk wanda ya taɓa zama a garejin kanikawa ya sani.

An soma bukatar mai irin wannan ne bayan da kamfanin Packard na Amurka ya fara amfani da wani sabon tsarin haƙora mai suna haifoid a aksul ɗin baya, a shekarar 1926. A wannan tsari haƙoran na gogar juna da ƙarfi yayin da suke juyawa, har su matse man da ke tsakaninsu ya fice.

Idan wurin ya ɗauki zafi, sai sinadaran su haɗu da ƙarfen su yi masa wani siririn rufi. Rufin ne ke goguwa, ƙarfen ya tsira.

Zobban tagulla

A cikin akwatin giya kuwa labarin ya sha bamban.

Tun daga shekarar 1928, lokacin da kamfanin Cadillac ya fito da tsarin sinkiro, motoci suka fara samun wasu ƙananan zobba waɗanda ke daidaita gudun haƙora biyu kafin su shiga juna. Su ne ke sa direba ya canza giya ba tare da jin ƙarar gurzawa ba.

A yawancin tsofaffin motoci da tagulla aka yi waɗannan zobba, kuma aikinsu ya yi kama da na birki. Dole ne zoben ya kama ƙarfen da ke juyawa, ya rage masa gudu ko ya ƙara masa, cikin ƙiftawar ido. Ke nan yana bukatar man da ba shi da santsi fiye da kima.

Man GL-5 na iya cutar da zobban ta hanya biyu. Da farko, rufin da yake yi a kan tagulla yakan fi tagullar da ke ƙarƙashinsa ƙarfi, don haka duk lokacin da aka sa giya ya ɓare, sai ya tafi da ɗan ɓurɓushinta. Na biyu, a tsofaffin nau'o'in man, farar wutar kan ci tagulla kai tsaye idan zafi ya yi yawa.

Kamfanonin mai sun rage wannan matsala ta biyu ƙwarai, domin yawancin man GL-5 na yanzu an dakushe kaifin farar wutar da ke cikinsa. Akwai ma gwaji na musamman mai lamba ASTM D130, inda ake tsoma sillen jan ƙarfe a cikin mai mai zafi a ga yadda launinsa zai sauya. Sakamakon 1a ko 1b na nufin man bai yi masa wani lahani ba.

Sai dai cin wannan gwaji bai tabbatar da cewa zobban za su samu kamun da suke bukata ba. Abin da direba zai fara lura da shi shi ne giya ta biyu na gurzawa, musamman idan ya sauko daga ta uku. Ɓarnar ba ta bayyana a rana ɗaya, shi ya sa da wuya a ɗora wa man laifi.

Misalin Peugeot 504

Motar Peugeot 504, wadda aka fito da ita a Faransa a 1968, misali ce mai kyau, ganin yadda ta zama ruwan dare a Najeriya da Nijar. An fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da yin 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekaru 20 bayan da aka daina ƙera ta a Faransa.

Abin da zai ba mutane da dama mamaki shi ne, kamfanin ya tsara akwatin giyarta na hannu, mai giya huɗu, ya yi aiki da man inji. Abin da yake ɗauka kuma bai wuce lita ɗaya da 'yan kai ba.

Amma aksul ɗinta na baya, da yake tsarin haifoid ne, man giya mai jure matsi yake bukata, kuma nan ne GL-5 ke da gurbi. Wato mota ɗaya, akwati biyu a ƙarƙashinta, kowane da nasa man. Makaniken da ya ɗura musu daga galan guda ya cuci ɗaya daga cikinsu.

Yayarta, Peugeot 404, ta fi ta tsarabe-tsarabe. Da yawa daga cikin motocin 404 na ɗaukar fasinja suna da aksul mai wani ƙarfe murɗaɗɗe da ke juya babban faifai na tagulla. Zuba wa irin wannan aksul man da ke cin tagulla kasada ce babba, kuma samun sabon faifan a yau sai an sha wuya.

Sauran kamfanoni ma kowa da tasa hanyar. A motar Mini ta Ingila, wadda ta fito a 1959, giyar na zaune ne a ƙarƙashin injin, suna shan mai ɗaya. Kamfanin Mercedes-Benz kuma ya umurci a zuba wa giyar hannu ta motocinsa samfurin W123 siririn jan man nan da aka saba zuba wa giya mai canza kanta.

Batun kauri

Wani abin da ke rikita jama'a shi ne lambar kauri. Ana ganin 90 a jikin man giya, ana ganin 40 a jikin man inji, sai a ɗauka na farkon ya ninka na biyun kauri.

Ma'auni biyu ne mabambanta, waɗanda ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta tsara. Idan aka ɗumama su zuwa digiri 100 a ma'aunin Selshiyos, kaurin man giya mai lamba 90 na daidai ne da na man inji mai lamba 40 zuwa 50. Saboda haka umurnin Peugeot na zuba man inji a giya bai kauce wa hankali ba. Bambancin da ke tsakanin man biyu ya fi yawa ne a sinadaran da ke cikinsu.

Akwai kuma al'adar zuba mai mai lamba 140 a giyar da ta fara kuka, a kan hujjar cewa ƙasarmu na da zafi. Kukan yakan ragu, gaskiya ne, amma abin da ya lalace yana nan yadda yake. Kuma da sanyin safiya a lokacin hunturu, direba sai ya yi kokawa da sandar giya kafin ta shiga, domin zobban na fama da ture mai mai kauri daga kan ƙarfen da za su kama.

Abin da mai mota zai yi

Littafin motar shi ne madogara ta farko. Idan sunan man da ke ciki ya ɓace daga kasuwa, sai a nemi sanin ko man inji ne, ko man giya, ko na giya mai canza kanta, sannan a sayi makamancinsa mai kauri ɗaya.

Idan littafin ya ce man giya mai lamba 80 ko 90 ba tare da ƙarin bayani ba, kuma giyar na da zobban tagulla, GL-4 ne ya fi kwanciyar hankali. Akwai man da aka rubuta wa GL-4 da GL-5 a tare. Irin wannan ya fi dacewa da motocin da giya da aksul ke cikin akwati ɗaya, kuma yana da kyau a karanta bayanin kamfanin game da tagulla kafin a saya.

Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, babu suna babu lamba, ba shi da wurin zama a wannan lissafi, komai arahar sa.

Wajen canza man, ƙwararrun kanikawa kan fara kwance kusar da ake ɗurawa ta gefe kafin su taɓa ta ƙasa. Dalili kuwa shi ne, idan aka zubar da man sannan ta gefen ta ƙi kwancewa, motar ta zauna ke nan. A yawancin waɗannan motoci ana ɗurawa ne har sai man ya fara dawowa ta bakin ramin, motar kuma tana tsaye a wuri mai daidai.

Tsohon man da aka zubar shi ma yana da abin faɗa, don haka a tare shi a kwano mai tsabta a duba shi a rana. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, abin da kan faru bayan an ratsa kwazazzabo da damina. 'Yar ƙurar baƙin ƙarfe a jikin maganaɗisun kusar ƙasa ba abin tayar da hankali ba ce. Amma idan ana ganin ƙyalƙyali mai ruwan zinariya yana yawo a cikin man, to tagullar zobban ce ke zubewa, kuma lokaci ya yi da za a binciki irin man da aka daɗe ana zuba wa motar.