Jarabar Tiramol da Kodin Ciwo Ce Mai Magani

Daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, 'yan dako da direbobi da yawa sun fara shan tiramol don jure wahalar aiki, har ƙwayar ta mallake su. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da hukumar UNODC ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa umarnin likita ba.

Tiramol da kodin dangi ɗaya ne. Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan saba da su. Da zarar mutum ya tsaya, sai ciwon gaɓoɓi, zufa, amai, gudawa da rashin barci su taso masa. Wannan azaba ce ke mayar da shi gidan jiya, ko da ya yi rantsuwa ya daina.

Akwai magunguna biyu, metadon da bufrenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Suna zama a gurbin da ƙwayar ke kamawa a ƙwaƙwalwa, su kwantar da azabar da kwaɗayin sha. Idan likita ya daidaita awo, ba sa sa maye. Mutum zai iya komawa rumfarsa ya nemi abincin iyalinsa. Akan sha sau ɗaya a rana bisa kulawar ma'aikacin lafiya, tsawon watanni ko shekaru, haɗe da nasiha. Ba kowane asibiti ke da su ba. A wasu wurare likita kan rage ƙwayar sannu a hankali, yana magance alamomin.

Iyaye da 'yan'uwa, ku kiyaye:

Ɗaurin mari da duka ba sa warkarwa.

Wanda ya daina na ɗan lokaci, jikinsa ba ya ɗaukar adadin da ya saba. Idan ya koma gare shi, zai iya rasa ransa.

Idan ya kasa farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, ko ya yi farfaɗiya, ku kwantar da shi a gefe, kada ku ɗura masa madara ko ruwa, ku garzaya asibiti. Maganin naloksan yana dawo da numfashi.

Ku fara da cibiyar lafiya mafi kusa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware, Kaduna da Maiduguri suna duba masu wannan larura. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba mu lafiya.