Ƙoda ba ta kuka da wuri

Idan an feɗe ragon layya, kafin yara su wawashe kayan ciki, ɗauki ƙoda ɗaya ka tsaga ta a tsaye. Gefenta ja ne mai duhu, cikinta da zane-zane, sai wani farin kwarmi inda fitsari ke taruwa kafin ya gangara mafitsara. Tamu ma kusan haka take. Guda biyu ne, kowace girman dunƙulen hannu, a baya ƙarƙashin haƙarƙari. Ta dama ta ɗan fi sauka, don hanta ta tare mata wuri.

A kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Kullum suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, amma fitsarin da mutum ke yi a yini bai cika wuce lita 2 ba. To ina sauran? Ƙodar ce ke mayar da shi jini, tare da suga da gishirin da jiki ke buƙata. Ni wannan mayarwar ta fi ba ni mamaki. Mai azumi a watan zafi ya san zancen: da la'asar fitsarinsa kaɗan ne, ja-ja, mai ƙarfin wari. Ƙwaƙwalwa ce ta aiko da sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, ba ciwo ba ne.

Ƙoda ce kuma ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa mai ciwon ƙoda ke fama da ƙarancin jini. Tana da hannu a daidaita bugun jini ma.

Matsalarta haƙuri. Sai rabin aikinta ya lalace mutum na ta harkokinsa, ko ciwon kai babu. Kafin ƙafafu su kumbura, fuska ta tasa da safe, fitsari ya riƙa kumfa, tafiya ta yi nisa, wani ma sai dai wankin ƙoda sau 2 ko 3 a mako. Hawan jini da ciwon suga ne manyan masu kashe ta. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne "haɗin gajiya" da leburori da direbobi ke karɓa a kemis kowane dare, galibi da Diclofenac ko Ibuprofen a ciki. Waɗannan kan rage jinin da ke isa ƙoda, balle a jikin da ya wuni cikin rana yana zufa. Mai irin wannan sha, da mai suga ko hawan jini, awon fitsari da na jini sau ɗaya a shekara kan nuna ɓarnar tun kafin kumburi.